Daga Moka zuwa Abijan: tarihin neman gahawa mai kyau da haƙƙin mai noma ta

Abu ɗaya ne, amma sunansa uku a bakin Bahaushe. Dattawa da alhazai suna cewa gahawa, kalmar Larabci da ta zo mana ta hanyar Makka da Sudan. Mu da muka zauna a bencin lakwal muna cewa kafe, yadda Faransawa suka koya mana. Ƴan'uwanmu na Kano da Katsina kuwa kofi suke cewa, irin na Ingilishi. Sunayen uku tushensu ɗaya, domin kafe da kofi jikokin kalmar Larabcin nan ne, bayan da ta bi ta bakin Turkawa da na fataken Turai. Itacen kansa ba ya fita a ƙasarmu, saboda yana son ruwan sama mai yawa da inuwa da sanyin tudu. Don haka duk cokalin garin da mai shayi ya zuba wa mutum a tashar Maradi ko ta Damagaram, daga gonar wani ya fito, a wata ƙasa mai nisa.

A yau manyan kamfanonin gahawa suna yawan faɗin kalmomi biyu: inganci da ɗorewa. Suna cewa suna neman ƙwaya mai kyau, wadda aka noma ba tare da an kashe ƙasa ko an zalunci manomi ba. Mai karatu zai iya ɗauka cewa sabuwar magana ce. Alhali kuwa tambayar ta kai shekara 500 tana biye da wannan itace. Abin da tarihinsa yake nunawa shi ne: duk lokacin da aka nemi gahawa mai yawa kuma mai araha, akwai wanda ya cika ragowar kuɗin, ko dai mutum da jikinsa, ko ƙasa da albarkarta.

Dajin Habasha da duwatsun Yaman

Asalin irin da ake kira arabika dazuzzukan tudu ne na kudu maso yammacin Habasha, wajen yankin Kafa. A can itacen yake fita da kansa, ƙarƙashin manyan itatuwa. Labarin makiyayin da ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci ƴaƴan itacen tatsuniya ce, wadda aka fara rubutawa a birnin Rum a shekarar 1671. Abin da littattafan tarihi suka tabbatar shi ne, a tsakiyar ƙarni na 15 sufayen Yaman suna shan gahawa don su kori barci lokacin zikirin dare. Daga nan ta shiga Makka da Alƙahira. A 1511 hakimin Makka, Ha'ir Beg, ya hana shan ta, amma hanin bai yi ƙarko ba. Wajen 1555 har an buɗe gidajen shan gahawa a Santambul.

Kusan ƙarni biyu Yaman ce kaɗai take sayar wa duniya da gahawa. Yadda ake noman ta a can ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙananan manoma ne suke sassaƙa gefen dutse, su yi gonaki hawa-hawa, su tokare kowane hawa da jerin duwatsu don ya riƙe ƙasa da ruwa, kusan yadda mutanen Adar suke jera duwatsu a gonakinsu na fako. Suna shuka gahawa tare da abincin gida. In ƴaƴan sun nuna sai a tsinke, a shanya a kan soro har su bushe, a sheƙe. Ɓawon ma ba a zubar da shi, ana dafa shi da citta a sha. Raƙuma su kai buhuna kasuwar Baitul Faƙihi, daga nan zuwa tashar jiragen ruwa ta Moka, wadda sunanta ya zama sunan gahawa mai daraja har a bakin Faransawa.

Ba aljanna ba ce. Akwai harajin sarakuna, akwai dillalai masu cin riba tsakanin dutse da teku. Amma gonar ta manomi ce, kuma ya san ɗansa zai gāje ta. Shi ya sa waɗansu daga cikin waɗannan gonaki har yanzu suna ba da gahawa, bayan ɗaruruwan shekaru.

Itace guda a ɗakin gilashi

Turawa sun ɗanɗana, sun ga kuɗi na fita daga hannunsu zuwa Moka, sai suka nemi itacen kansa. Kamfanin Holan na Gabashin Indiya ya dasa shi a tsibirin Jawa a ƙarshen ƙarni na 17, kuma a 1711 kaya na farko daga Jawa ya isa Amsterdam. An ajiye wani dashe a lambun binciken tsirrai na wannan birni. A 1714 aka ba sarkin Faransa Luwi na 14 kyautar ɗaya daga ƴaƴansa, aka tsare shi a ɗakin gilashi a Paris. Daga zuriyar wannan dashe wani hafsan soja, Gabriel de Clieu, ya kai tsibirin Martinik a farkon shekarun 1720. Faransawa sun kuma ɗauki wani iri daga Moka zuwa tsibirin Burbon, wanda ake kira Reyuniyon a yau. A 1727 irin ya ƙetara daga Guyana ta Faransa zuwa Barazil. A lura da wannan, don za mu sake cin karo da shi: yawancin arabikar da ta cika duniya daga ƴan itatuwa kaɗan ta fito, jininta kusan ɗaya ne.

Itacen ya yi tafiya, amma tsarin noman Yaman bai bi shi ba. A San-Domang, mallakar Faransa a tekun Karayib, bayi ƴan Afirka ne suka sare dazuzzukan tuddai suka shuka gahawa. Zuwa 1788 wannan yanki na tsibirin yana ba da kusan rabin gahawar duniya, a kan wuyan bayi kusan rabin miliyan, masu aikin rake da na gahawa. Masanan da suke zaune a gidajen kafe na Paris suna muhawara kan ƴancin ɗan Adam, abin da suke kurɓa guminsu ne. A watan Agusta na 1791 bayin suka tashi, gandaye suka ci wuta, kuma a 1804 aka kafa ƙasar Hayti.

A Jawa kuwa ba a kira shi bauta ba, amma bai yi nisa da ita ba. Kamfanin ya ɗora wa ƙauyuka adadin da za su kawo ta hannun sarakunansu, a kuɗin da shi ya yanka. A 1830 gwamnatin Holan ta faɗaɗa wannan tsari na noman dole zuwa sauran tsibirin. Wani ma'aikacin mulkin mallaka, Eduard Douwes Dekker, da ya ga abin da ake yi wa talakawa a gundumar Lebak, ya ajiye aiki, ya rubuta littafin Max Havelaar a 1860, da sunan aro Multatuli. Littafin ya girgiza Holan. A riƙe wannan suna, zai dawo bayan shekara 128.

Ƙasa ma tana bin bashi

A ƙarni na 19 Barazil ta karɓi ragama. A kwarin kogin Paraiba, bayan birnin Riyo, masu gandaye suka riƙa sare tsohon daji su cinna masa wuta, su shuka gahawa a kan toka. Suna jera layukan daga gindin tudu zuwa samansa, don mai tsaron bayi ya hango kowa daga ƙasa. Wannan jeri ya zama hanyar ruwa: kowace damina tana kwashe ƙasar sama ta zuba a kogi. Bayan shekara 20 ko 30 gona ta gaji, sai a bar ta a shiga daji na gaba. Lokacin da Barazil ta soke bauta a 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka, kwarin Paraiba ya riga ya zama tuddai tsirara, noman ya ƙaura yammacin Sawo Polo, inda baƙin ma'aikata, da yawansu ƴan Italiya, suka maye gurbin bayi.

A tsibirin Silan, wato Siri Lanka ta yau, Ingilishi sun sare dazuzzukan tudu sun shuka iri ɗaya, fili guda, ba inuwa. A 1869 aka ga wani ciwo a ganye, ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa kamar tsatsa. Da yake itatuwan jininsu ɗaya ne kuma suna jere kafaɗa da kafaɗa, ba abin da ya tare ciwon. Cikin shekara 20 noman gahawa ya mutu a tsibirin, masu gandaye suka koma ganyen shayi. A 1890 wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Lipton ya sayi gandaye a can. Ashe sunan da muke kira a teburin mai shayi, daga kushewar gahawa ya tsiro.

Ciwon tsatsa shi ya buɗe wa wani iri hanya, wato robusta, ɗan asalin dazuzzukan Kwango da Afirka ta Yamma. Ya fi jure zafi da ciwo, ya fi yawan ƴaƴa, sai dai ya fi ɗaci, bai kai arabika ƙamshi ba, kuma kuɗinsa bai kai nata ba.

Yawa ma ya zama ciwo. A farkon ƙarni na 20 Barazil tana ba da wajen kashi uku cikin huɗu na gahawar duniya. Da tattalin arzikin duniya ya rushe a 1929, kaya ya yi kwantai. Daga 1931 zuwa 1944 gwamnati ta ƙone ko ta zuba a teku buhu kusan miliyan 78, kowane buhu kilo 60. Neman yadda za a adana wannan rara ne ya sa aka tuntuɓi kamfanin Nestlé na Suwis, wanda ya fito da garin Nescafé a 1938. Daga baya robusta ta zama babban abin da ake yin irin wannan gari da shi.

Kodebuwa: gahawa da aikin tilas

Nan ne tarihin ya matso kusa da gida. Wani ɗan kasuwar Faransa, Arthur Verdier, ya buɗe gandun gahawa na farko a Elima, kusa da Asini, wajen 1881. Amma sai tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu noman ya bunƙasa a Kodebuwa, da gahawa da koko. Kurmi akwai ƙasa, babu isassun hannuwa. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta juya arewa. A 1932 aka rushe ƙasar Hot-Bolta, wato Burkina Faso ta yau, aka raba ta tsakanin Kodebuwa da Sudan ta Faransa da Nijar, kuma babban dalili shi ne a sami hanyar kwasar ƙasar Mosi zuwa gandayen kudu. Ana ɗora wa sarki adadin mazajen da zai bayar, a kai su gandun Bature su yi aiki a kan lada maras daraja.

Ƴan ƙasa ma sun shiga noman, har suka fi Turawa yawan kaya. Amma lokacin yaƙin duniya na biyu aka fifita Turawa a kuɗin saye da ladan ƙarfafawa, aka hana ƴan ƙasa ma'aikata, har ana kama waɗansunsu a kai su gandun Bature alhali nasu na lalacewa. A 1944 suka kafa ƙungiyar manoman Afirka, Syndicat agricole africain, ƙarƙashin wani likita, basarake kuma mai gandu, Félix Houphouët-Boigny. Ƙungiyar ta nuna cewa ana iya samun ma'aikaci da yardarsa in an biya shi, ko in an raba amfanin gona da shi. Da aka zaɓi shugabanta zuwa majalisar Paris, ya gabatar da dokar da ta ɗauki sunansa, ta 11 ga Afrilu 1946, wadda ta soke aikin tilas a dukan ƙasashen da Faransa take mulka. Kakanninmu da aka riƙa ɗiba don gyaran hanya da ɗaukar kaya suna cikin waɗanda wannan doka ta sauke wa nauyi. Ya kamata ɗalibinmu ya san cewa a gandun gahawa da koko aka ƙulla ta.

Bayan ƴancin kai, Kodebuwa ta kai matsayi na uku a duniya a shekarun 1970, bayan Barazil da Kwalambiya, tana ba da wajen tan dubu 300 a shekara mai kyau. Asusun daidaita farashi na gwamnati, wanda aka sani da Caistab, shi yake yanka kuɗin da za a biya manomi, ya riƙe bambancin. Da wannan arziki aka gina Abijan, birnin da ya ja dubban ƴan Nijar masu tafiya biɗa, galibinsu a kasuwanci da ƙananan sana'o'i. Masana'antar Nescafé ta Abijan ita ce take cika kasuwannin Afirka ta Yamma da gwangwanin da muka sani.

Wanda ya cika ragowar kuɗin a wannan karo kurmi ne. Manufar gwamnati ita ce ƙasa ta wanda ya raya ta ce, wato wanda ya sare daji ya shuka shi ne mai ita. A farkon ƙarni na 20 ana ƙiyasta dajin Kodebuwa da hekta miliyan 16. Ƙidayar 2021 ta tarar bai kai miliyan 3 ba. Koko da katako sun fi gahawa laifi a wannan, amma gatarin ɗaya ne. Da daji ya ƙare, sai rigimar filaye ta tashi tsakanin ƴan gari da baƙi, kuma tana cikin itacen da ya hura wutar rikicin da ya ɓarke a 2002.

Ranar da igiya ta tsinke

A 1962 ƙasashe masu noma da masu saye suka sa hannu kan yarjejeniyar gahawa ta duniya. An ba kowace ƙasa mai noma iyakar abin da za ta fitar, don kada kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Amurka ta yarda ne don tsoron kada talaucin manoman Latin Amurka ya tura su hanyar Kuba. Tsarin yana da aibi, don gwamnatoci da dama sun ci rabon manomi. Duk da haka ya riƙe farashi. A watan Yuli na 1989, da yaƙin cacar baka yake ƙarewa, aka kasa sabunta iyakokin. Kowa ya buɗe rumbunsa, farashi ya zube. A Kodebuwa aka rage wa manomi rabin kuɗinsa, kuma a 1999 aka rushe Caistab.

A daidai wannan lokaci Biyetnam ta shiga noman robusta da ƙarfi, har ta zama ta biyu a duniya wajen 2000. A 2001 laba ɗaya, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, ba ta kai rabin dalar Amurka ba, abin da bai biya kuɗin noma ba. Ƙungiyar gahawa ta duniya ta yi lissafi a 2002: a farkon shekarun 1990 masu sha suna kashe wajen dalar Amurka biliyan 30, ƙasashe masu noma suna samun biliyan 10 zuwa 12, bayan shekara goma masu sha suna kashe biliyan 70, masu noma suna samun biliyan 5 da rabi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dattawan Maradi da Damagaram da suka ga tashin gujiya da faɗuwarta sun san ɗacin noman abin da ake yanka wa kuɗi a wata ƙasa. Ita arabika a Niyok ake yanka nata, robusta kuwa a Landan.

Me ya haɗa farashi da inganci?

Sai an san yadda ƙwaya mai kyau take samuwa za a gane. Dashe yana shekara uku ko huɗu kafin ya fara ƴaƴa. Arabika ta fi daɗi in ta girma a tudu mai tsawon mita 1.000 zuwa 2.000, inda sanyi da inuwa suke sa ta nuna a hankali. Ƴaƴan reshe ɗaya ba sa nuna tare, don haka sai mai tsinka ya zagayo sau da yawa, yana ɗaukar jajaye kaɗai yana barin ɗanyu. Sa'an nan a ɓare a wanke, ko a shanya da ɓawo, ana juyawa kullum har danshi ya sauka zuwa kashi 11 ko 12 cikin ɗari, sa'an nan a zauna a tsince masu aibi da hannu. Kilo biyar ko shida na ƴaƴa ne suke ba da kilo ɗaya na ƙwaya. Duk wannan aikin haƙuri ne, kuma haƙuri sai da abinci a ciki. Manomin da ya san tiya ɗaya za a auna masa, mai kyau da maras kyau kuɗi ɗaya, zai shāre reshe gaba ɗaya da ɗanye da nunanne. In farashi ya ƙara faɗuwa ya bar yin taki da sassabe, ko ya tafi birni.

Daga nan hanyoyi uku na gyara suka fito. Ta farko ita ce ta tambari. Manoman ƙungiyar UCIRI ta jihar Wahaka a Meziko, tare da wani limamin kirista ɗan Holan, Frans van der Hoff, da Nico Roozen na ƙungiyar Solidaridad, suka fito da tambarin cinikin adalci a 1988, suka sa masa suna Max Havelaar. Mai saye ya yi alkawarin farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, da wani ƙari don aikin gayya na ƙungiya, kamar makaranta ko rijiya. A 2023 an ɗaga wannan farashi zuwa dalar Amurka 1,80 kowace laba ta wankakkiyar arabika. Ya tsare iyalai da yawa a mugunyar shekara. Amma yana da iyaka: samun takardar shaida yana cin kuɗi, ƙungiyoyi da dama ba sa iya sayar da dukan kayansu da tambarin, kuma binciken da jami'ar SOAS ta Landan ta fitar a 2014 kan Habasha da Yuganda ya tarar ƴan ƙodago a wuraren da ake da tambarin ba su fi na sauran wurare samun lada ba.

Ta biyu ita ce ta ɗanɗano. Ƙwararrun masu ɗanɗanawa suna ba gahawa maki bisa 100, wadda ta kai 80 ta shiga ajin musamman. Tun 1999 ake gasar Cup of Excellence, wadda ta fara a Barazil, inda ake gwanjon kayan da suka yi nasara ta intanet da sunan gonar da ta noma su. A 2004 wani iri mai suna Gesha ya ba duniya mamaki a Panama. Da aka bi sawunsa sai aka tarar a shekarun 1930 aka ɗebo shi daga dajin Gesha na Habasha. Wannan hanya tana biyan mai ƙoƙari, amma ƙaramar kasuwa ce, kuma ta fi sauƙi ga mai jari da mai jin harshen masu saye.

Ta uku ita ce ta suna. Habasha ta lura cewa sunayen yankunanta, Sidamo da Harar da Yirgacefe, suna ƙara wa kaya daraja a kantunan Amurka ba tare da manomi ya gani a hannunsa ba. Ta nemi a yi rajistar sunayen a matsayin mallakarta, ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks, aka daidaita a 2007. A yankinmu, gahawar Ziyama-Masanta ta ƙasar Gini tana cikin kayan gona uku na farko da hukumar OAPI, wadda Nijar take cikinta, ta tsare sunansu. Duk wanda ya san abin da sunan Galmi yake ƙara wa buhun albasa zai gane muhimmancin wannan.

Inda aka kwana

Yanzu kuma ɗumamar yanayi ta shigo. Arabika ba ta jure zafi, kuma ciwon tsatsa da ya kashe Silan ya sake afka wa Amurka ta Tsakiya a 2012 da 2013. Masu bincike na lambun Kew na Ingila sun bayyana a 2019 cewa cikin nau'o'in gahawar daji 124, kashi 60 cikin ɗari suna fuskantar ɓacewa, alhali a jikinsu ake sa ran samun jinin da zai jure zafi da ciwo. A 2018 an sake gano ɗaya daga cikinsu, mai suna stenofila, a dajin Saliyo, bayan an daɗe ba a gan shi ba. Ɗanɗanonsa ya yi kusa da na arabika kuma ya fi ta jure zafi. Dazuzzukan Kafa da Yayu na Habasha sun shiga jerin wuraren da UNESCO take karewa tun 2010. Manoma da dama suna komawa shuka ƙarƙashin inuwa, hikimar da ba baƙuwa ba ce ga wanda ya bar gawo a gonarsa ta hatsi. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da za ta hana shigar gahawar da aka sare daji don ita bayan 2020, ko da yake an ɗage fara aiki da ita, kuma ƙananan manoma suna fargabar kuɗin auna gonakinsu zai faɗo a kansu. A farkon 2025, bayan fari a Barazil da Biyetnam, laba ta wuce dalar Amurka 4 a Niyok, farashin da ba a taɓa gani ba. Amma manomin da fari ya cinye amfaninsa, ko wanda ya riga ya sayar da shi tun yana kore don biyan bashi, tsadar ba ta same shi ba.

In an tattara wannan tarihi, za a ga wuraren da gahawa ta daɗe kuma ta yi kyau suna da kama da juna: manomi yana da tabbacin gonarsa, akwai itatuwa a kanta, akwai abinci a gefenta, kuma yana da ƙungiyar da za ta yi ciniki da yawunsa. Habasha ta ƙara da wani abu, don kusan rabin abin da take nomawa ƴaƴanta ne suke shanyewa, saboda haka manominta yana da kasuwa ko da ta waje ta juya baya. Wuraren da aka yi gaggawar arziki kuwa, San-Domang da Paraiba da Silan, sunansu ya rage a littafi.

Saboda haka in kamfani ya rubuta a jikin kwali cewa kayansa mai ɗorewa ne, tarihi ya ba mu abin da za mu tambaye shi: daga wace gona, nawa ya shiga hannun wanda ya tsinka, kuma me ke tsaye a wurin kafin a shuka? Malamin da ya ɗora gwangwanin kafe a kan tebur ya sa ɗalibansa su bi sawunsa da taswira, zai koyar da cinikin bayi da mulkin mallaka da dokar 1946 da kasuwar duniya a darasi ɗaya. Kuma ɗaliban da suka iya yi wa gahawa waɗannan tambayoyi za su iya yi wa albasarmu da riɗinmu da wakenmu, waɗanda su ma wani ne yake ci a nesa bai san wanda ya noma ba.